Kifin da Baba Ya Mayar Teku

Cheetham Hill, ƙarfe huɗu saura kwata

Ranar Asabar ɗin nan ina idar da sallar asuba na ɗauki makullin mota. A watan Yuni gari ba ya jiran kowa a Manchester, kafin in kulle ƙofa sama ta fara haske. Matata Hadiza ta biyo ni har bakin mota da filas ɗin shayi da ledar cincin, ta ce, "Baban Amira, don Allah kar ka je ka yi wa mutumin nan rigima. Ni dai Baba ya ga ruwa." Na ce ai ni ba na rigima, ido kawai nake buɗewa.

Mahaifinta, wanda duk muke kira Baba, masunci ne daga Yawuri, ya fi shekara hamsin yana su a kogin Neja. Wata uku ke nan yana Birmingham a gidan babban ɗansa Dakta Sani, an sa za a yi masa aikin mafitsara ranar Talata. Sai ya daina cin abinci. Ya ce kifin kanti gawa ce da aka manta a ƙanƙara. Ya sa aka fito masa da jakarsa, ya ce ba mai yanka shi, gida zai koma, in mutuwar ce ta same shi a bakin ruwa. Likitocinsa kuwa sun ce in ba a yi aikin nan ba, abin ba zai yi kyau ba. A duk kwanakin nan abu ɗaya ya sa shi murmushi, wani bidiyo da aka nuna masa na kifi mai haƙora irin na mutum, wanda Turawa ke kira sheepshead. Ya ce bai taɓa kama irinsa ba. Shi ne Hadiza ta ɗora mini neman jirgin da zai kai shi teku, ko zuciyarsa za ta sauko ya yarda da aikin.

Na samu wani mai jirgi a gaɓar Wales, sunansa Gareth. Ba ofis, ba sakatare, daga lambar waya sai hoton jirgi. Da na ambaci kifin ya yi dariya ya ce wannan sai Amurka, su ɗan'uwansa suke da shi, mai suna bream. Na ce a raina, to fa, tun ba a je ba an fara shirya uzuri. Fam sittin kowane mutum, rabi kafin alƙalami. Kuma wai in sake kiransa ranar Juma'a da yamma don ya duba iska. Na kira, sai ya ce ba ƙarfe goma ba kuma, ƙarfe tara, don ruwa zai janye daga tashar. Ni Bakano ne, na taɓa sayen fili a wajen mutumin da ba shi da shi, wanda maciji ya sara kuwa ko tsumma ya gani gudu yake. Na yanke cewa so yake mu makara ya ce laifinmu ne.

Edgbaston, ƙarfe biyar da minti ashirin

Mil tamanin da 'yan kai na yi a kan babbar hanya zuwa unguwar Dakta a Birmingham, ba kowa sai manyan motocin kaya. Na tarar da Baba zaune a falo cikin babbar riga da jaket ɗin Dakta a sama, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Jakar komawa gida tana nan a bayan ƙofa, a ɗaure. Na durƙusa na gaishe shi. Shekara goma sha ɗaya da aurena da 'yarsa ban taɓa cin ko dabino a gabansa ba, shi ma bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Injiniya. In yana da magana da ni, ta bakin wani take bi ko da ina wurin.

"Sani, tambayi Injiniya, mai jirgin nan ya san ruwa ko dai kuɗi ya sani?"

Na ji daɗi da na samu abokin zargi. Dakta ya ce, "Ku biyun nan dai. Injiniya, relax, tide ne kawai, cikowa da janyewar teku, kowa ya san da shi." Na ce na san da shi a littafi. Muka tashi biyar da rabi daidai.

Shrewsbury zuwa bakin teku

Ƙarfe shida da rabi muka tsaya a wani gidan mai kusa da Shrewsbury. Dakta ya sayi burodi mai cuku fam uku da rabi, ya miƙa wa Baba, Baba ya kawar da kai. Ni kuwa na zagaya bayan mota na sha shayina da cincin a tsaye.

Da Dakta ya ce mun kusa shiga ƙasar Wales, Baba ya laluba aljihu ya fito da fasfo ya riƙe. Muka wuce ba shinge, ba ɗan sanda, ba mai cewa a buɗe but. Sai dai allunan hanya suka koma wani harshe da ko Dakta ya kasa karantawa. Baba ya mayar da fasfonsa ya ce, "Ƙasar da ba ta tambayar baƙo, ko dai ba abin ɗauka a cikinta." Daga Welshpool hanya ta tsuke ta shiga duwatsu, tumaki ko'ina ba makiyayi. Muka bi bayan wata tarakta kusan minti ashirin, ina duba agogo ina cewa wannan ma ƙila ɗan'uwan mai jirgin ne.

Aberystwyth, ƙarfe tara saura minti goma

Mil ɗari da ashirin daga Birmingham. Gareth yana nan a tashar, gajere mai jar fuska da farin gemu, sanye da takalmin roba har gwiwa. Jirgin bai kai na hoto kyau ba, fentinsa ya koɗe, ga ƙarni. Kafin mu gaisa na yi kamar ina ɗaukar hoton teku, na ɗauki lambar motarsa. Ya dubi Baba ya dubi matakalar sauka jirgin, ya sauka ya tsaya a ƙasa ya miƙa hannu. Baba bai karɓi hannun ba. Ya tattare rigarsa ya taka jirgin, mutumin da a gida sai an riƙe shi zai hau bene. Jirgin ya yi tangaɗi, ni na kama ƙarfe da hannu biyu, shi kuwa ko gezau.

Gareth ya ba mu rigunan ruwa masu hana nitsewa, ya nuna mana alamar jiƙa a jikin katangar tashar, ya ce da mun ƙara sa'a guda da a laka za mu tarar da jirgin. Na gyaɗa kai, amma ban saki jiki ba.

Cikin teku

Mun yi minti arba'in muna tafiya har gari ya zama ɗan zane a bayanmu. Ya kashe inji ya saki anga, ya raba mana sandunan kamun kifi masu abin naɗe zare, ya yayyanka wani farin nama mai santsi ya sa a ƙugiya. Baba ya juya sandar ya ajiye. Ya zaro wani tsohon katako daga aljihunsa, an nannaɗe shi da zaren fatsa, ashe tun daga Yawuri yake tare da shi. Gareth ya karɓa ya dudduba, ya ɗaura masa dalma mai nauyi ya mayar masa.

Sa'a guda ba abin da ya taɓa ƙugiyar kowa. Na raɗa wa Dakta cewa mutumin nan ya ajiye wurin kifin ne don 'yan'uwansa, mu ya kawo mu kufai. Dakta ya ce in ji tsoron Allah. Baba ya tsoma hannu a ruwa, ya dubi inda tsuntsaye ke shawagi, ya taɓa kafaɗar Gareth ya nuna masa gefen dama. Gareth ya ja shi cikin ɗan ɗakin tuƙi ya nuna masa wani allo mai nuna kifin da ke ƙarƙashin ruwa, ya buga yatsa a kan wasu ɗigo-ɗigo, ya ce can ɗin yake jiran ruwa ya juya ya koma. Baba ba ya jin Turanci, Gareth ba ya jin Hausa, amma na ga suna ta gyaɗa wa juna kai. Wannan ma bai yi mini daɗi ba. Na ce a raina ya gano tsoho ne mai sauƙin kai.

Muna matsawa wurin, cikina ya juya. Shayin Shrewsbury da cincin ɗin Hadiza suka nemi hanya. Na rasa inda zan ɓuya, jirgin duka bai fi tsawon falo ba. Na kifa kai a gefe na yi ta kelaya amai a gaban surukina. Kunyar da na ji ta fi ciwon.

Ina cikin haka na ji Dakta yana kabbara. Na ɗago da ƙyar na ga Baba yana jan zare hannu bi hannu, sai ga kifi mai faɗi kamar babbar karfasa, jikinsa na ƙyalli. Na ga Gareth ya ɗauka ya shimfiɗa shi a kan wani katako mai ma'auni. Aman ya sake taso mini na koma gefe. Sai na ji faɗuwar abu a ruwa. Na juyo, ba kifi a katako, ba kifi a bokiti.

Duk abin da na tara tun daga ranar da na buga waya ya fito. Na miƙe ina layi, na ce wa Gareth da Turanci na san irinsa, ya ce babu kifin da muke so, ya canja lokaci, ya kawo mu inda ba komai, yanzu dattijo marar lafiya ya kama guda ɗaya ya jefar. Na ce ina da lambar motarsa. Gareth ya juya ya dubi Baba.

Baba yana sa wa ƙugiyarsa nama, bai ko ɗago ba. Ya ce, "Sani, gaya wa Injiniya ni na mayar da ita. Baturen nuna mini ya yi ta kai a ci. Na taɓa cikinta na ji ƙwai ne fal. Ubana bai taɓa cin mai ƙwai ba, ba zan fara a ruwan mutane ba."

Zato zunubi. Na ba Gareth haƙuri kaina a ƙasa. Ya ce ba komai, ya miƙo mini biskit mai citta ya ce in riƙa kallon inda sama ta haɗu da ruwa. Ya ƙara da cewa lambar da na ɗauka ta motar mai sayar da ƙanƙara ce, shi da keke ya zo.

Daga nan kifi ya buɗe. Dakta ya kama biyu, ni ban kama komai ba sai ƙarfen jirgi. Baba kuwa sai ja yake yi, yana taɓa cikin kowanne, wani ya shiga bokiti wani ya koma. Ya buɗe bakin guda ya duba haƙoran, ya ce ba su kai na bidiyo ba, amma dangi ne. Wajen azahar na ji yana rera wata waƙar masunta a hankali. Dakta ya juya baya yana share ido, ya ce rabon da ya ji ta tun yana firamare.

Sai da ruwa ya dawo tashar muka shigo. Gareth ya fito da wuƙa zai gyara kifin, Baba ya karɓe ta, ya farke guda biyar kafin in gama cire rigar ruwa. Da za mu rabu ya ciro goro ɗaya daga aljihu ya ba Gareth. Ya gutsura, fuskarsa ta yamutse, amma ya haɗiye.

Edgbaston, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Rana tana nan da sauranta. Baba ya hana matar Dakta taɓa kifin. Ya sa aka hura gawayi a bayan gida, ya shafa gishiri da yaji da garin ƙuli da hannunsa, ya zauna a kujera yana juyawa. Da aka kawo tire na tashi zan koma falo kamar yadda na saba.

"Bashir."

Na tsaya cak. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba.

"Zo ka zauna. Wanda ya amayar da hanjinsa a gabana, wace kunya ta rage?"

Na zauna muka sa hannu a tire ɗaya. Ya ci kifi guda har kai, ya tsotse ƙaya, ya jawo na biyu. Ba wanda ya yi magana don kar ya tsaya. Da ya wanke hannu ya dubi ɗansa ya ce, "Talatar nan taku, ƙarfe nawa ne?" Dakta ya ce bakwai na safe. Ya ce, "To a kwance jakar can, ta tare hanya."

Cheetham Hill

Na tashi bayan magariba, na iso gida lafiya da kifi guda a leda na Hadiza. Tana bakin ƙofa, Dakta ya riga ni ba ta labari, idonta ya yi ja. Ta ce, "An ce ka yi rigima." Na ce na yi, kuma na sha kunya.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Dakta da iyalinsa, na kuma gode wa Gareth, wanda na zarga tun daga waya har tsakiyar teku bai rama ba. Kashegari na goge hoton motar mai ƙanƙara, na buga wa Gareth waya don in isar da saƙon da Baba ya ba ni a bakin ƙofa, shi da kansa ba ta bakin kowa ba. Baba ya ce a riƙe masa wuri baɗi war haka, in Allah ya tashi kafaɗarsa zai dawo ya duba 'ya'yan wadda ya mayar.