Inna Tumba Ba Ta Yi Takaba Ba

Nic ce ma Balkisu ta tsai da shi. Ko ba ta ji ba, ko ta ji tay yi kunnen ƙashi, sai da nib buga sandata ga ƙasa sannan tad danna abin, hoton yat tsaya. Ga wata yarinya nan cikin talabijin zaune bisa tabarma, kai ba kitso, an lulluɓe ta da tsohon zane, mata na shigowa suna yi mata gaisuwar mutuwa tana amsawa. Wai wagga ita ce Inna Tumba, kakata, uwar ubana.

"Mi ke nan?" nic ce.

"Takaba ce, Kaka."

"Takabar wa?"

Balkisu jikata ce, ɗiyar babban ɗana. Ita tay yi fim ɗin, tak kai shi wani bikin finafinai can ƙasar Turawa, inda kowace ƙasa ke zuwa da nata. An ce mutane sun yi kuka, sun tashi tsaye suna tafi. Da tad dawo Illela tac ce ni za ta fara nuna ma, tunda daga bakina taj ji labarin. To daga bakina ba ta ji takaba ba.

Bana shekara hamsin da rasuwar Inna. Ni da furfura nik koyi boko, ajin manya, kuma ban taɓa zaton jarida zan kai shi ba. Amma tunda an kai ta duniya da abin da ba ta yi ba, ku ma ku ji abin da tay yi.

Mijinta shi ne mai garin wani ɗan ƙauye kusa da nan, ba sai na faɗi sunan ƙauyen ba, jikokin kowa na nan da rai. Lokacin Nasara bai daɗe da cin Sakkwato ba. Sai ga Turawa iri biyu, na Ingila da na Faransa, da masu ɗaukar musu kaya, suna aune-aune suna kafa turaku. Sunka kafa ɗaya bayan gari. Gidaje sunka faɗa wanga gefe, gonaki da rijiya sunka faɗa wancan. Anka ce daga yau wancan ƙasar wani ce. Kakana yab bari sunka wuce, yat tumɓuke turken, yak kai gida yaɗ ɗaure jakinai. Inna tac ce jakin ya ji daɗin turken ƙwarai.

Ba a daɗe ba soja sunka zo sunka tafi da shi. Ba wanda yas san ko kudu anka yi da shi ko arewa. Inna na goye da ubana lokacin.

Nasara na da wanda yake so a naɗa, wani mai saurin cewa to. Mutanen gari sunka ce mai garinsu bai mutu ba, wa za su bi? Sai ga manzo da rigar kakana a naɗe, yac ce ya rasu a tsare, Allah ya jiƙan shi. Ba gawa, ba wanda yag ga kabari. Abin da ake jira guda ne: matar ta shiga takaba. Wanda bai san garinmu ba ba zai gane ba. Ranar da mace tak kwance kitso taz zauna bisa tabarmar takaba, magana ta ƙare, duk gari ya shaida mutum ya mutu, rawani ya zama na wanda anka ba. Nasara bai san wannan ba. Namu ne sunka gaya mai.

Dattawa sunka taru sunka zo gaisuwa. Sunka iske ta tsakar gida, an gama mata kitso sabo, ido ya sha tozali, hannu cikin zunguru tana ƙunshin lalle. Ita da bakinta tab ba ni labarin, ba sau ɗaya ba. Tac ce musu, "Wa yaw wanke shi cikinku? Wa yay yi mai salla? Riga kunka kawo min. In rigar ce tam mutu, ku je ku binne ta."

Kar ku ce ta ci nasara. Ba ta ci ba. An naɗa wancan, gonaki sun tafi, ubana ya girma yana dako a kasuwa, shi da anka haifa gidan sarauta. Mata sunka ce ta haukace. Da shekaru sunka ja, malamai sunka gaya mata shari'a ta ba ta hanya, in ta kai magana ga alƙali za a sa mata lokaci, ta yi idda ta yi aure. Tac ce ta ji, ta gode, ba ta da ƙara. Yarinya ce fa lokacin. Haka tat tsufa, ba miji, ba wani ɗa bayan ubana. Amma wanda anka naɗa, har yam mutu bai taɓa bi ta ƙofarta ba, zagayawa yake. Kuma har tam mutu ba ta ce mai ranka ya daɗe ba.

Duk wannan na gaya ma Balkisu tun tana ƙarama. Shi ya sa nit tambaye ta inda tas samo tabarmar takaba.

Tac ce, "Kaka, can ba su san takaba ba, balle su san ƙin ta. In sun ga mace an ce mijinta ya mutu tana kwalliya, cewa za su yi ba ta son shi. Kuka kuwa kowa ya san shi."

"To ki koya musu mana. Ba karatu anka kai ki ba?"

"Fim ba aji ba ne, Kaka."

"Ƙarya fa, aji ce?"

Tay yi fushi, nima nay yi. Daga baya tan nuna min guntayen waɗansu finafinan da anka kai bikin. Wata uwa da soja sunka ɗauke ɗanta, tana yawo da hotonai ofis-ofis. Wasu 'yan'uwa da anka raba ƙasarsu biyu, ɗaya nan ɗaya can. Ban ji yarensu ba amma na gane su sarai, har na share ido. Ban raina kukan kowa ba. Inna ma ta yi kuka, na sha ganin hawaye na sauka tana daka, in ka tambaya ta ce hayaƙi ne. Da Balkisu ta sa ta kuka tun farkon fim har ƙarshe, da ban ce uffan ba. Takaba daban ce. Ita ce abu guda da Nasara da 'yan kanzaginai sunka nema wurinta, ta hana su har kabari, sai ga jininta ta ɗauka ta miƙa musu, har da tafi.

Nakan zauna ƙofar gida in ga babura na ketawa zuwa Ƙonni da kaya har sama da kan direba, 'yan canji na kaɗa sefa, kuɗin can, bakin hanya, in ce da Inna na nan mi za ta ce? Na san ba za ta yi mamakin baburan ba. Ita ba ta taɓa kiran wurin iyaka ba, gona take cewa. In za ta Ƙonni ta ce za ta bi ta gona. Abin da zai ba ta haushi shi ne ta ga jikokinta na tsayawa layi suna roƙon a bar su su wuce.

Ba waliyiya ba ce. Tana da baƙar zuciya, ta sha dukana kan abin da bai kai ba, kuma har yau ban sani ba ko ta kyauta ma kanta. Gona ba ta bar muna ba, rawani ba ta bar muna ba. Abin da tab bari shi ne wancan a'a ɗin, kuma shi kaɗai nig gada. Ni nay yi mata ƙunshi na ƙarshe, tana kwance ba ta iya tashi. Masu wanka sun iske lalle ja ga ƙafarta.

Balkisu tac ce fim ya riga ya fita, ba ta iya cire komai, akwai waɗanda sunka sa hannu ciki. Nic ce to, Illela dai ba za a nuna shi ba ina numfashi.

Ana nan sai masu wani bikin sunka kira ta. Sun ji wai jikar matar tana da rai, suna so a zo da ni in zauna gaba, bayan an gama a ba ni abin magana. Balkisu taz zo tana ta kewaye-kewaye, wai tafiyar da nisa, wai sanyi, wai ƙafata.

"Abin magana kinka ce za su ba ni?"

"Kaka, don Allah."

"Wa zai fassara?"

Tac ce, "Ni."

"To ki fassara daidai. In na ga suna kuka, na san kin canza."

Makon jiya ubanta yak kai ni Sakkwato neman fasfo. Mai ɗaukar hoto yac ce, "Hajiya, ɗan saki fuska mana." Nic ce mai ya ɗauka haka nan.