Bala ya ƙone mini kwamfuta da lambarshi

Jama'a, Bala mai gyara ya kashe mini kwamfuta yau!

Shi yac ce zai ƙara mata gudu in gama haɗa bidiyon wani biki na Fakku. Ya saita ƙarfin wutar da ka shiga ƙwaƙwalwarta bisa lamba ɗaya da ɗigo uku. Aiki na yin nauyi, sai manhajar awo ta nuna ɗaya da ɗigo biyar! Na buga mishi waya, wai awon ne ka ƙarya. Kafin in aje, ɗif! Allo ya mutu, ga dangin ango zaune cikin shago suna jira.

Ya iso yana rantsuwa lambarshi daidai take. Nac ce, "To Bala, ga su nan. Kunna musu lambar su kalla."