Baba A-Sake

Mai gyaran keke ne, amma kada ka yi gangancin zuwa rumfarsa ranar Lahadi, don ko tayarka ta tsage gida biyu ba zai kalle ka ba. Ranar ta majami'a ce, ƙaramin cocin Metodis ɗin nan na bayan rumfar, mai gajerun tagogi da bencinan da suka sha zama har suna sheƙi.

Da kakansa aka gina shi. Jama'ar farko 'yan dako ne da masu wanki, mutum ɗaya ne cikinsu ya iya karatu, littafin waƙoƙin ma ƙwaya ɗaya tak. Sai suka samo dabara: mai karatun ya tsaya gaba ya faɗi layi ɗaya da ƙarfi, jama'a su rera, su dakata, ya ba su na gaba. Daga baya 'ya'ya suka yi makaranta, amma ba a daina ba. Aikin ya yi ta bin hannu har ya iso ga mai gyaran keke, shi kuwa ya riƙe shi ƙam. In jama'a suka yi gaggawa sai ya ɗaga hannunsa mai baƙin mai ya ce, "A sake!" Ko Rabaran ne ya yi sauri, a sake. Har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, sai dai Baba A-Sake.

Da aka gina babban coci a tsallaken titi, mai jita da ganguna, sai jama'a suka kwashe can. Tsohon cocin ya rage wa tsofaffi. Rufi ya fara yoyo, gara ta shiga ƙofa, wasu ma suka ce a rushe a yi wurin ajiye motoci. Baba bai iya jayayya a taro ba, sai dai ya koma rumfa yana huce haushi a kan sarƙar keke. Ba ginin ne ya fi damunsa ba. Tsoronsa kada waƙar nan ta jira da amshi ta mutu a hannunsa.

'Yarsa ta fari, malamar asibiti, ita ta tsaya. Kai, yarinyar nan akwai naci! Ta bi dattawan ikilisiya gida-gida har suka yarda a adana ginin a matsayin wurin tarihi. Aka canza kwano, aka yi wa katako magani, aka bar bencinan yadda suke. Kuma don ta faranta wa mahaifinta, ta sayo sababbin littattafan waƙoƙi, aka jera a kowane benci ranar buɗewa.

A ranar, coci ya cika har waje. Baba ya miƙe cikin farar rigarsa, ya gyara murya, ya ba da layin farko. Jama'a suka ɗauka. Amma da suka kai ƙarshen layin ba su tsaya ba. Me za su jira, ga shi a rubuce a hannunsu? Suka zarce, kai a sunkuye, baiti bayan baiti, da daɗi kuwa. Shi ko yana tsaye baki buɗe da layi na biyu. Ya ɗaga hannu, ba wanda ya gani. A hankali ya sauke, ya zauna. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Bayan an tashi, wata tsohuwa mai sayar da gawayi, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta dafa sandarta ta iso gabansa.

"Yaya, yau ni kallo na zo," in ji ta. "Baki na motsi, ban san me ake cewa ba."

'Yar tana kusa, ta ji. Ta durƙusa gefen bencinsa ta ce, "Baba, ban yi tunani ba. Bari in kwashe su yanzu-yanzu."

Ya ɗauki littafi ɗaya, ya shafa bangonsa, ya daɗe yana juya shi.

"A'a, Uwata, bar su," ya ce. "Kakana kullum addu'arsa ke nan, Allah ya kawo ranar da kowa a ɗakin nan zai riƙe nasa. An amsa masa. Ni ne zan ce a mayar?"

Tun daga nan bai ƙara tsayawa gaba ba. In ka shiga ranar Lahadi, duba bencin baya. Za ka gan shi kusa da mai gawayi, ya kanga hannu a kunnenta, yana riga jama'a da layi ɗaya cikin raɗa. Ita kuma tana rerawa da dukan ƙarfinta.