Kaset ɗin da na kai wa Inna

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da ƙanin mijina, talabijin da bidiyo naɗe cikin bargo a kujerar baya. Ban daɗe da fita takaba ba. Marigayin shi ne mai karanta labarin kasuwa a talabijin, amma mahaifiyarsa, a ƙauyensu na bayan Doguwa, ba ta taɓa ganinsa a akwatin ba. Kaset guda ya rage mini, shi za mu kai mata.

Damina ce. A ƙasar Bebeji masara ta fi mota tsawo, hazo kwance a kanta kamar hayaƙin girki. A Kwanar Ɗangora muka sayi soyayyen kifin Tiga. Mai kifin ya rantse tsadar daga tashin dalar Amurka take, sai na ji dariya ta kama ni. Da Malam yana nan, da ya tsaya yi masa bayani har kifin ya huce. Bayan Tudun Wada muka shiga dajin Falgore, birai zaune a bakin titi kamar masu jiran mota. Na yi gyangyaɗi, ina jin muryarsa yana jero farashin gero da gyaɗa.

Abin da nake tsoro shi ne Inna ta ƙi kallo. Ɗan farinta ne. Tun haihuwarsa ba ta kama sunansa, ba ta ɗaga ido ta dube shi.

Da la'asar aka aro janareta, maƙwabta suka cika tsakar gida. Malam ya bayyana a akwatin da hularsa, ya yi sallama, kowa ya amsa. Inna ta juya baya tana tsinkar zogale.

“Inna, ga shi fa,” na ce.

“Ina jin sa, 'yar nan.”

Yana cikin maganar kuɗin taki sai hannunta ya tsaya. Ta waiwayo a hankali, ta daɗe tana dubansa.

“Ashe wancan yana da wushirya,” ta ce. “Irin ta babana.”

Washegari muka juyo, kaset ɗin na bar mata. Na zauna da shi shekaru, shi ya sa nake ganin na fi kowa kewarsa. Ashe akwai wadda ta yi ta kewarsa tun yana gabanta.