Makirfon da Aka Manta a Bencin Baya

Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa taka ƙofar wata babbar makaranta ba. Shekara goma sha tara ke nan yana riƙe da na'urar sauti a cocinsu. Ranar Lahadi shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tafiya. Ya ja waya, ya tayar da janareta, ya harari mawaƙa in suka hura wa makirfo iska. Sauran kwanaki yana shagonsa na gyaran rediyo da talabijin, da yamma kuma sai taron kwamitin gini, ko gwajin waƙa. Bawan Allahn nan ko addu'ar cin abinci a tsaye yake yinta. Ka tambaye shi abin da Fasto ya faɗa yau, sai ya ce maka lasifikar hagu tana ɗan kuka.

Yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, mai gyaran takalma. Shi wannan ba ya cikin kwamitin komai. Bencin baya ne wurinsa, kusa da taga. In an tashi sujada sai ya ci gaba da zama, hannuwa a gwiwa, ido a rufe, har rabin awa. Wai yana sauraron Ubangiji. Injiniya ya ce sauraron me, barci ne kawai na tsufa.

Amma abin haushi, wurin mai barcin nan mutane ke zuwa. Wadda mijinta ke kwance a asibiti, wanda aka kora daga aiki, kai har Fasto an taɓa gani a bencin nan. Shi kuwa Injiniya ba a nemansa sai sauti ya ɗauke, nan ne kowa zai waiwayo yana zare masa ido. Abin nan ya daɗe yana cin ransa. Kishi ne tsagwaronsa, ya kuma san kishi ne, shi ya sa ya fi ciwo.

Duk wannan da sauƙi, sai da abin ya zo kan Auta, 'yarsa ta ƙarshe, nas a wani asibiti, wadda ya riƙe shi kaɗai tun rasuwar mahaifiyarta. Kwana biyu ta daina hira, ta daina dariya. Ta taɓa ce masa aikin nan ya ishe ta. Kafin ta rufe baki ya ciro waya, wai ya san wanda zai canza mata sashe. Da ta sake farawa wata rana, ya ce gajiya ce, ya sayo mata maganin ƙarin jini. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba, shi kuma ya ɗauka ya gyara.

Wata Lahadi yana naɗe waya, ya ɗaga kai ya hango Auta a bencin baya, kusa da Baffanta. Ransa ya yi baƙi ƙirin. 'Yar da ya goya da kansa! Me mai ɗinkin takalma zai faɗa mata wanda ubanta bai sani ba?

Sai ya lura da wata 'yar koriyar wuta a na'urarsa. Makirfo mara waya da aka zagaya da shi lokacin ba da shaida, an manta shi a kunne a kan bencin. Ya san bai dace ba. Ya dai sa abin sauraro a kunne, ya ƙara murya.

Shiru. Ya duba batir, lafiya lau. Ya zare waya ya mayar, ya ƙure maɓalli. Can ya jiyo kukan fanka, da numfashin mutum biyu. Ashe na'urar ƙalau take, su ne ba sa magana. Minti biyar, minti goma. Injiniya ya ji kamar ya tashi ya je ya girgiza su.

Daga baya Auta ta fara magana. Wani yaro ne ya mutu a hannunta watan jiya. Ta yi duk abin da aka koya mata, amma tun ranar ba ta iya addu'a, tana kuma tsoron ɗaukar allura. Ta tambayi Baffanta yadda za ta yi. Injiniya ya kasa kunne ya ji hikimar da wansa zai zubo. Tsohon ya ce kawai, "Ni ma ban sani ba, 'yata. Mu ƙara zama a gaban Ubangiji."

 Da aka jima tsohon ya tambaye ta ko ta faɗa wa babanta.

"Baffa, Baba ba ya bari in kai ƙarshe. Gyara ni yake so ya yi, kamar rediyo."

Injiniya ya sauke muryar a hankali, ya cire abin kunnen. Kishin bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi, sai dai yanzu ya san abin da yake kishi: minti goman nan ne, da wansa ke da su shi ba shi da su. Ya zauna, wayoyi a warwatse a gabansa. Ya rufe ido ya ce zai yi addu'a, kalma ko ɗaya ba ta zo ba, sai ya bar ta haka. Yatsunsa na ta neman abin murɗawa, ya danne su a gwiwa.

Auta ta zo ta miƙa masa makirfon, ta sunkuya za ta taya shi naɗe waya kamar kullum.

"Bar su," ya ce. "Zauna, Auta."

"Janareta fa, Baba? Yana ta cin mai."

"Ya ci."

Ta zauna a bakin kujera tana kallonsa, tana jiran ya ciro waya ko ya kawo shawara. Ya kama bakinsa. Sai da ta ga da gaske yake, sannan ta gyara zama.