Akwatin Nargis da Faifan Ustad Liyakat

...na ce ku sauko da Inna daga saman bene! Shabnam, bar wankin nan, zo ki ji yadda ƙanwata Nargis ta gama da Ustad Liyakat!

Ku da ba ku taɓa shiga masaƙarmu ba, ku saurara. Kwamfutar masu zane tana sama, sabuwa fil. Injinan saƙa suna ƙasa, sun girme ni. Yarensu ba ɗaya ba ne, ko ka haɗa su da waya ba mai jin wani. Shekara ashirin da biyu Ustad ne tafintansu. Ya hau sama ya kwaso zane a faifai, ya kulle kansa a ɗaki da wata tsohuwar kwamfuta mai jin yaren duka biyun, ya fito yana murza gashin baki. Ranar da ya yi fushi, inji arba'in sai su tsaya cak. Duk birnin Faisalabad ba wanda ya koya wa. Ni shekara tara ina matsa masa ƙafa, mari kawai na samu.

Amma mace? Ai shi a wurinsa mace bango ce. Duk ranar da Nargis ta kawo min gurasar roti, sai ya baje yana cika baki: gudun saƙo a waya kaza da kaza ne, sai inji ya amsa kafin a tura layi na gaba.

"Kin gane, 'yar makaranta?"

"Ina zan gane, Kawu?" Tana ƙara masa shayi.

Ta dawo gida ta rubuce tas! Ni a aji biyar na tsaya, ita ta yi kwalejin fasaha. Wata shida tana haɗa ɗan akwatin da bai fi sabulu ba, mai karɓar maganar sama ya juya ta zuwa yaren ƙasa.

Yau mai masaƙa ya ce a gwada akwatin bayan an tashi aiki. In ya yi, aikin Ustad nata ne. In bai yi ba, ni da ita waje.

Zan tashi aiki kenan tsohon ya ɗingiso, ya ja ni bayan inji.

"Parvez, ɗana, ka ce ta bar min ko shekara ɗaya. Matata na kwance."

Na cire takalmi, na miƙa masa ƙafa. "Matsa min tukuna, Ustad."

Wallahi ya durƙusa! Da wannan ruɓaɓɓiyar gwiwar tasa! Na bar shi ya yi duka biyun, na ce zan yi tunani, na taho.

Ina shigowa lungun nan wayata ta yi ƙara. Nargis ce.

"Yaya, furen ya fito a jikin yadin, daga sama kai tsaye. Mai masaƙa ya karɓe makullin ɗakin Ustad."

"Yana ina?"

"Ga shi zaune a matakala, riƙe da faifansa. Yaya... in kai masa shayi?"

"Kai masa. Ki tambaye shi ko ya gane."