Mai Buta a Hanyar Sakkwato

Shekarun baya, cikin wata damina mai albarka, aka gano mahaifiyata tana da cutar daji a mara. Na ɗauko ta daga Fakku zuwa gidana a Tambuwal, kullum da safe mu hau bas zuwa Sakkwato a yi mata gashi da na'ura. Likita ya ja kunnena, ya ce ciwon na gado ne, kuma abin da ke jinin gidanmu yana sa gashin ya fi taɓa hanji. In ta fara zawo in faɗa da wuri.

To ni ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta yi mini zancen bayan gida.

Har yau hanyar nan tana dawo mini kamar mafarki. Gero ya yi kore shar, hadari na tafiya a hankali, ita kuma ta jingina kai da taga tana jan carbi. Ba ta cin komai, ko ruwa ba ta kurɓa. Na tambaya, ta amsa wa tagar: "Azumi nika yi." Ni kuwa malamin makaranta guda, na yarda, har ina yaba imaninta.

Sai ranar da jiri ya kwashe ta a asibiti. Likita ya ce ruwan jikinta ya ƙare, in aka ci gaba haka dole a dakatar da gashin. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta raɗa mini gaskiya. Zawo ne, tana tsoron ya kama ta a mota a gabana. Na ji kunyar kaina ƙwarai.

Aka ba ta magani, aka canza mata abinci, ni kuma na sayi buta. Washegari daidai Jabo na daki jikin mota na ce, "Direba, tsaya, cikina na murɗawa." Na ajiye butar bakin gona na yi gaba, ita ma ta sauko, wai za ta miƙe ƙafa. Haka muka yi har aka gama gashin. 'Yan tasha suka laƙaba mini Mai Buta.

Ta warke, alhamdu lillahi, tana can Fakku da awakinta. Sunan ya daina yi mini ciwo tun ranar da na kai mata ziyara, na jiyo ta daga zaure tana cewa, "Ku kai ma Mai Buta ruwa, ya sha hanya." Shi ne suna na farko da ta taɓa kira na da shi.